Furen da Kabo Ya Kai Kusada

Duk wanda ya zauna a Kankiya a shekarun da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, zamanin mulkin Turawa, ya san Kabo, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Dogo ne siriri, mai son hular dara ko da rigar ta mutu. Allah ya hore masa baki, sai dai bai haɗa masa da abin da zai bi bayan bakin ba. Bai taɓa riƙe fartanya har ta yi masa kanta ba. Jarinsa a duniya guda ɗaya ne, wato ya taɓa aikin ban ruwa a lambun wani Bature a Kano. Abin da ba ya faɗa shi ne yadda aikin ya ƙare. Wata rana matar Baturen ta fita unguwa, Kabo ya ga waɗansu 'yan itatuwa masu ƙaya a tsakiyar lambu, ya ce wannan ƙazanta ce a gidan babban mutum, ya tuge su tas ya bar ciyawa tana sheƙi. Ashe su ne furen da matar ta ɗauko tun daga ƙasarsu. Kafin azahar yana kan hanyar gida. Amma in ka tambaye shi, shi ya ajiye aikin don ruwan Kano bai karɓe shi ba.

'Yarsa Zinariya ba ta ɗauko shi ba, uwarta Kulu ta ɗauko, mace mai haƙuri da hannun sana'a. Yarinyar ta daidaita da Manu, ɗan wani manomi na Kusada da ake kira Jaji, kuma kowa ya gan su ya san suna son juna. Shi Jaji mutum ne da maganarsa ta yini ba ta cika ludayi ba. Abin alfaharinsa gonarsa ta bayan gida, wadda ya gada a mace, ya yi shekara da shekaru yana zuba mata taki yana cire mata ƙuduji da hannu, har ta zama gonar da ake kawo baƙi su gani. Bai so haɗa zuri'a da Kabo ba, kuma bai ɓoye ba. Darajar Kulu da hankalin yarinyar suka sa ya amince, ya ce a yi biki ƙarshen damina kafin azumi ya shigo. Sharaɗinsa ɗaya, kada a kawo masa abin magana ƙofar gida, don in aka kawo, to a inda aka ɗauko amarya nan za ta koma.

Damuwar Kulu jere ce. 'Yan tasoshin da ta tara da saƙar faifai ba za su rufe rabin bangon ɗakin amarya ba, kuma ta san matan Kusada ba su da makanta a ranar biki. Da ta gaya wa maigidan, sai ya yi dariya irin ta wanda ya ga duniya.

"Ke Kulu har yanzu kina zamanin tasa. Ni na ga bikin Turawa da idona ta bayan shinge. Amarya ta riƙe damin hure, an jera hure tsakiyar tebur, ko tasa ɗaya ban gani ba."

"Huren suka ci, Malam?"

"Kallo suka yi."

"To Allah shi sa mutanen Kusada su ƙoshi da kallo."

Kabo bai ji wannan ba, don ya riga ya sa hula. Ranar kasuwa ce, ya bi rumfa rumfa yana sanar da cewa bikin 'yarsa bikin fure za a yi, irin wanda ba a taɓa gani ba daga nan har Katsina. Ya bayyana wa masu sayar da gishiri cewa gwani ba ya sayen fure da tsada, sirrin abin shi ne a samo mai araha, mai yawa, mai launi. Mutanen Kusada da suka zo cin kasuwa suka ji, suka ƙulla labarin a bakin riga suka tafi da shi gida.

Ya fara da bariki, inda Bature kan sauka in ya zo rangadi, don akwai wata bishiyar fure ja a jikin bango. Mai gadin tsohon soja ne, ya ce ba a taɓawa. Kabo ya ga ya kamata ya nuna masa da wa yake magana, sai ya gyara tsayuwa ya zuba masa Turancin da ya kwaso a Kano. Abin da bai sani ba shi ne, rabin Turancin nan nasa na kiran kare ne, don shi ya fi ji a gidan. Karen bariki kuwa ya amsa kira. Kabo ya iso gida da ƙafar wando ɗaya, ya gaya wa maƙwabta cewa karen ya gane shi ne, haka karnukan Turawa suke gaisawa da wanda suka sani. Kulu ta karɓi wandon ta nemi allura.

Washegari ya lura da dangar maƙwabcinsa Babba, inda kabewa ta hau ta yi fure manya manya ruwan ɗorawa, ga kuɓewa a gindi ita ma ta buɗe. Ya ce ashe abin nema yana bayan ɗaki. Ya tsinke su kaf ya cika faifai, yana cikin jerawa a tsakar gida sai ga Babba ya yi sallama, fuskarsa ba alamar gaisuwa.

"Kabo, miyata ta rani ce kake ɗauke da ita bisa faifai."

"Hure ne, Babba. Ina ka ga kabewa?"

"Shi ne ban gani ba, kuma bana ba ni gani."

Rigima ta kai har mai unguwa ya leƙo. Kabo ya yi bayani mai tsawo a kan yadda Turawa suke rage wa shuka fure don ta huta, Babba ya ce ba hutu ya shuka ba. A ƙarshe Kulu ta shiga ɗaki ta ɗauko tasa guda daga kayan amarya ta kai wa matar Babba don a zauna lafiya. Furen kuma kafin rana ta take ya yi laushi ya kwanta kamar tsumma. Akuyar Babba ta shigo ta lashe faifan, Kabo ya ce to ai shi ke nan, kaya ya koma gidan mai shi.

Daga nan ya yanke cewa kuskurensa shi ne neman furen da yake da ubangida. Ya fita bayan gari neman marar mai shi, wanda akuya ba ta ci, sai ya faɗa wa tumfafiya. Ya yi ta karya yana tarawa, farin ruwanta yana bin hannunsa, zufa ta zubo masa ya sa hannu ya share ido. Adda, wata Bafulatana mai tallan nono, ita ta tsince shi a bakin hanya yana juyi a wuri ɗaya yana salati. Ta sauke ƙwarya ta ɗebo nono a ludayi ta wanke masa idon, shi kuma garin fizge-fizge ya hamɓare ƙwaryar gaba ɗaya.

"Ko saniyata ba ta taɓa tumfafiya," in ji Adda, "balle kai da ka yi Kano."

"Saniyarki ta taɓa zuwa Kano?"

"Ba ta je ba. Shi ya sa idonta biyu lahiya lau."

Tasa ta biyu ta bi Adda ruga. Da yamma Kabo yana zaune da ido ɗaya a kumbure, ya hangi Zinariya ta buɗe kayanta tana goge abin da ya rage, tana jera su nesa da juna don su yi kamar suna da yawa. Ko kallonsa ba ta yi ba. Abin ya soke shi ƙwarai, don yana son yarinyar nan fiye da bakinsa, kuma ya san shi ya rage mata kaya. Sai dai kunya in ta shiga jikin Kabo ba ta zama haƙuri, sabuwar dabara take zama.

Ana jibi biki ya bi hanyar Tafashiya, a nan ya ga abin da ya tsayar da shi. Wata gona ce dawarta ta tsumbure ko gwiwa ba ta wuce ba, amma ƙarƙashinta fure ne ja-ja mai garai-garai ya shimfiɗu har iyakar gani. Ƙuduji ne, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, mai kama saiwar dawa ya tsotse ta, irinsa kuma ƙanana kamar toka, in ya zuba a ƙasa sai ya yi shekaru yana jiran shuka. Ko jaririn manomi ya san shi, Kabo ma ya san sunansa. Amma da ido ɗaya da rabi ya dube shi, ya ga mai launi ne, mai yawa ne, sauran araha.

Mai gonar, wani Dauda, yana zaune a kan kunya ya yi tagumi. Kabo ya yi masa sallama ya tambayi yadda zai sallama masa furen nan. Dauda ya daɗe yana kallonsa, ya duba bayansa ko akwai masu riƙe da shi. Da ya ga da gaske yake, sai ya miƙe ya ce ya kwashe duka, har ya taya shi tugewa, ya aika gida aka kawo fura, ya ba shi aron jaki da mangala. Kafin la'asar labari ya kai Sukuntuni, waɗansu dattawa suka zo da kansu suna roƙon ya biya ta gonakinsu, wani daga Kafin Soli ya ce nasa ya fi wannan ja. Kabo ya sha fura ya gyara hula, ya ce a ransa ashe ƙauye ya fi gari sanin darajar mutum.

Kulu ta ga kayan jaki, ta ajiye muciya.

"Malam, ƙuduji za ka kai gidan Jaji?"

"A gona ne sunanshi ƙuduji. In ya shiga tukunya hure ne."

"Araha ba ta ado. In wanga abu ya taka Kusada, auren ɗiyarka ka kashe."

Ta rantse in bai fitar da shi ba ita za ta fita. Kabo ya ja jaki yana gunaguni, ya dawo ya ce ya zubar a rafi. A kangon bayan gida ya zubar, ya rufe da tsohuwar tabarma. Ra'ayinsa shi ne mata ba sa gane abu sai sun gan shi a jere.

Ranar kai amarya kowa ya san uba ba ya zuwa, gida yake zama da kunyarsa. Kabo ya ce a wajen Turawa uba ne yake kama hannun 'ya ya miƙa, amma bai ce wa kowa zai je ba. Ya bari mata suna ta hidimar wanka da lulluɓi, ya ɗora kaya ya yi gaba. Rana ta dake shi a hanya, ta daki furen, har ya fara yin baƙi yana sunkuyar da kai. Da ya iso Kusada hanyar gidan Jaji ta ratsa gefen gonar nan ta bayan gida, dawa ta yi kai ta tsaya kamar bango. Kabo ya ga wuri ne mai inuwa da iska, sai ya sauke mangala a nan, ya riƙa ɗaukar dami ɗaya ɗaya yana kakkaɓewa da ƙarfi don ƙurar hanya ta fita furen ya farfaɗo. Wata 'yar baƙar ƙura ta yi ta tashi, iska tana ɗaukarta zuwa cikin dawa.

Ya yi sa'a, ko kuwa ya yi rashinta, maza duk sun tafi masallaci sallar la'asar, ango yana ɓoye a gidan abokinsa yadda aka saba, mata kuma suna bayan danga suna fama da manyan tukwanen tuwo. Ba tebur a Kusada, saboda haka ya kife turame a ƙofar zaure, ya ɗora tulu a kan kowanne ya cusa masa fure. Ya sa tukunya guda a tsakiyar kowace tabarmar baƙi, daidai inda akushi zai zauna. Ya rataya a bakin zaure, ya rataya a ƙofar rumbu. Ya ga damin irin dawa da Jaji ya zaɓa ya rataye a reshen bishiya, ya ga ya yi fari da yawa, shi ma ya yi masa ado. Ragowar da ta lalace ya watsa a kan jujin da Jaji yake tarawa don kai wa gona. Ya ware dami mafi kyau ya ɗaure da zare, ya tsaya a bakin ƙofa yana jira.

'Yan kai amarya da masu dawowa daga masallaci lokaci ɗaya suka iso. Ana sauke Zinariya daga kan doki, fuskarta a rufe, sai Kabo ya kutsa cikin mata ya cusa mata damin a hannu ta ƙarƙashin mayafi, ya ja da baya ya buɗe hannuwa don jama'a su ga aiki. Mai guɗa ta ɗauko guɗa, ta kai rabi ta ga turame, ta haɗiye sauran. Mai kalangu ya sa kalangunsa a hammata.

Jaji ya tako a hankali. Ya dubi turame, ya dubi rumbu, ya ɗaga kai ya dubi irinsa. Ya zaro kara ɗaya daga tulu, ya murza 'yan ƙwansonsa a tafin hannu, ya kalli baƙin garin da ya zubo. Da ya yi magana muryarsa ba ta tashi ba. Ya tambayi Kabo ko ya tsaya wani wuri da kayan nan. Kabo ya ga dama ta samu ta nuna ƙwarewa, ya ce ai fure ba a jera shi da ƙura, sai da ya kakkaɓe kowane dami tsaf a can gefen gona, wajen da iska take shiga. Jaji ya tambayi saura. Kabo ya nuna juji. Wani tsoho a baya ya yi salati a hankali ya zauna a ƙasa.

"Kabo, mi na yi maka? Ina da maƙiya garin nan, ba wanda ya taɓa yi mani wanga." Jaji ya juya wajen matan Kankiya. "Ku mai da ɗiyarku bisa doki."

Kabo ya buɗe baki ya fara da Turawa, ya ce a Kano, ya ce matar Bature da kanta. Ba wanda ya tanka, ba wanda ma ya yi dariya, kuma wannan ne bai taɓa gamuwa da shi ba. Maganar ta mutu a bakinsa. Ya cire hular dara ya riƙe, ya dubi ƙasa.

"Tasa ce babu, Jaji. Na ce kada mata su shiga ɗakinta su ga bango."

Zinariya ta ji komai a cikin mayafi. Amarya ba ta magana ranar nan, ita ma ba ta yi ba. Ta ɗan ɗaga gefen lulluɓi ta ga abin da ke hannunta, sai ta zame daga hannun gwaggonninta ta nufi murhun da aka kafa a bakin danga. Ta naɗe damin a cikin gefen zanenta don kada ya zube a hanya, ta tura shi ƙarƙashin tukunyar tuwo. Ta dawo ta ɗauki tulun farko, ta toshe bakinsa da faifai, ta kai wuta. Ta dawo ta ɗauki na biyu. Matan Kankiya suka bi ta, can matan Kusada ma suka shiga, aka yi ta kai da kawowa. Jaji yana tsaye yana kallon yadda yarinyar take tafe a hankali da kayan kamar mai ɗauke da garwashi.

"Wagga ta san abin da ake yi da shi," in ji shi. "Ɗiya ta shiga ɗakinta. Uban kuwa shi tsaya."

Mai guɗa ta ƙarasa rabin da ta haɗiye. Aka shigar da amarya, aka cinna wa juji wuta, takin shekara guda ya tashi a hayaƙi, aka sauke irin dawa aka ce sai dai a yi tuwo da shi. Jaji ya kama hannun Kabo ya kai shi gefen gona, ya ce ya ji an ce ya yi aikin lambu a Kano, to ga lambu. Duk ƙudujin da ya tsiro a gonar nan nasa ne, shi ya shuka shi, shi zai zo ya cire da hannunsa kowace damina har ƙasa ta manta. Kuma ya cire shi tun yana ɗan tsiro, don ranar da aka ga fure ɗaya ya buɗe a gonar, ranar Zinariya za ta zo Kankiya ganin gida da kayanta.

Jeren kuwa, matan Kusada sun shiga sun gani, ba wadda ta ce komai, don bakinsu ya samu abin da ya fi tasa daɗin taunawa.

Zinariya ta zauna, ta haihu, 'ya'yanta suka yi wayo. Duk damina masu bin hanyar Kusada sukan ga wani dogon mutum a duƙe cikin dawar Jaji, hular dara a rataye a kara, hannunsa ya yi kanta. In ka yi masa sannu zai miƙe ya dafa ƙugu ya gaya maka cewa surukinsa ne ya roƙe shi, don duk ƙasar nan ba wanda ya san fure kamarsa. Wannan karon gaskiya ya faɗa. Tun yana ganye biyu yake gane shi, kuma har ya tsufa bai bar ko ɗaya ya buɗe ba.